Motar da Ba Ta San Ya Rasu Ba

Maiyama, ran Lahadi

Zuwa ga Rufa'i mai wayarin mota, unguwar Firchin, Jega.

Salamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka cancanta ba, tunda rabonka da Maiyama tun ranar ukun Malam. Ina fatan kana lafiya, kai da aiki da sanyin bana. Ni dai alhamdu lillahi, sai gwiwar nan da ka sani, sai kuma zaman takaba, wanda ba ciwo ba ne amma yana cin jiki.

Da kana ji, da na buga maka waya na huta. To sanƙarau ya tafi da kunnuwanka tun muna firamare, ni kuma yatsuna ba su iya latse-latsen saƙo ba, don haka ga takarda. Almu ƙanen Malam zai miƙa maka in ya biyo ta Jega. Kada ka ja mini rai: kakana namiji, kakarka mace, ka san wa ke aiken wani tsakanina da kai.

Maganar motar Malam ce, a-kori-kurar da yake jigilar albasa da ita. Ka san tokumbo ce, ta zo da wani abu da mai ita na farko ya sa mata can ƙasar ƙanƙara, wai don mutum ya tada inji daga cikin ɗaki. Malam ya ɗauki abin nan kamar ɗan da ya haifa. Kullum in anka sallame sallar asuba, daga bakin masallaci zai latsa rimot, mota ta tashi a tsakar gida, ni kuma in san lokacin ɗora ruwan koko ya yi. Kafin ya gama gaisawa da mutane inji ya yi zafi, koko ya damu.

Rufa'i, Malam ya rasu amma motar ba ta bari ba. Kullum da asuba sai ta tashi da kanta, ta yi ta ruri kamar tsawon shan koko, ta kuma mutu da kanta. Rimot ɗin yana cikin kwallata ƙarƙashin gado, ba mai taɓa shi.

Almu ya ce ko za a yanka shi ba zai tuƙa ta haka ba. Ba tsoron aljanu kaɗai ba ne. Burkin hannunta ya daɗe da mutuwa. A gida firi ake barin ta a sa wa taya dutse, amma a waje sai a giya. To in ta tashi a giya tsakiyar kasuwar Aliero fa? Ga albasa ta fara fitowa, motar da ke ciyar da gidana da nasa tana zaune, shi yana can yana dako a motar wasu.

Ka zo ka cire mata wanga abu.

Taubashiyarka kuma uwargijiyarka,
Zubaida

*

Jega, ran Laraba

Wa alaikumus salam, Zubaida.

Takardarki ta same ni ƙarƙashin wata tirela. Na karanta ta da hannun baƙin mai, in kin ga tambarin yatsa a wagga takarda ki yi haƙuri. Lafiyata lau. Allah Ya jiƙan Murtala, Ya sa ya huta, ke kuma Ya ba ki haƙurin zama.

Zancen ban sake zuwa ba, kin yi gaskiya. Amma ki duba yadda zaman makoki yake ga irina. Mutane na ta motsa baki, in an shafa addu'a in shafa, in an yi shiru ban san an yi ba. Ke kuma kina bayan labule, ban ga bakinki ba balle in karanta mi kike cewa. Na zauna kamar turmi, na tashi na tafi.

Batun uwargijiya kuwa, ban taɓa ganin uwargijiyar da ta kwafi lissafin bawanta tun aji ɗaya har anka fita ba.

Motar ba ta da aljani. Wani ɗan baƙin akwati ne ƙarƙashin sitiyari, na cire irinsa a motoci da dama. Sai dai aiki ne na natsuwa, ba a fizge shi. Wanda ya sa shi ya yanka wayar sitata ya bi da ita ta cikinsa, in anka fizge, ko da makulli motar ba za ta tashi ba. Ni kuwa yanzu ba ni da natsuwa. Gobe zan wuce Aliero, motocin albasa sun taru suna jirana.

Ga sauƙi kafin in zo. Almu ya ɗaga bonet, ya sa sifana ya kwance kan batir, na baƙar waya. Shi ke nan ta yi shiru. Akwatin zai manta duk abin da ya riƙe, ko an mayar da batir ba zai tuna ba. Amma kada a hau titi da ita sai na fitar da shi, don abin da ya tashe shi sau ɗaya zai iya sakewa.

Ina da tambaya, kada ki ji haushi. Ranar da Murtala ya faɗi, ina rimot ɗin yake?

Naki,
Rufa'i

*

Maiyama, ran Asabar

Rufa'i, salamu alaikum.

Na ga tambarin yatsanka, har na gane babban ne. Ina nan lafiya. Auta ta bugo daga Birnin Kebbi, cikinta ya tsufa, mijinta ya hana ta shiga mota. Yayarta kuwa ta koma ɗakinta tun bayan arba'in. Gidan dai ni ce, sai kaji.

Ba a kwance kan batir ba tukuna. Babu sifana a gidan, Almu kuma ba ya zama. Za a yi.

Kai dai ba ka iya tambaya ba sai ka taɓa inda ke ciwo. Rimot ɗin yana hannunsa. Ran nan na ji mota ta tashi kamar kullum, na ɗora ruwa, na dama koko, na rufe. Na jira har ya huce, ina ta mita a raina wai ya tsaya surutu. Sai ga mutane sun shigo da shi cikin tabarma. A bakin masallaci ya faɗi, ko takalmi bai gama sawa ba. Liman ya ce da ƙyar sunka buɗe yatsunsa sunka zare abin.

Matan unguwa sun ce shi ne ke dawowa. Bushira maƙwabciyata, wadda ke zuwa taya ni zama, yanzu daga bakin zaure take jefo gaisuwa, wai ta bar girki a wuta. Kullum girki, kamar mai ciyar da bataliya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na ɗan yi wanga tunani. Amma ka san da sanyi alfijir yana ja baya. Da farko in ta tashi an riga an fito masallaci. Yanzu kuwa tana tashi ana tsakiyar salla. Na ce wa Bushira, Malam dai ba zai tada mota ana salla ba, ko da rai ko ba rai. Ta ce wannan kam gaskiya ne. Amma ba ta shigo ba.

Liman ya aiko, cikin mutunci, wai katanga ɗaya ce tsakaninmu da masallaci, 'yan sahun baya ba sa jin karatu. Na ce a gaya masa mai gyara yana hanya.

Zubaida

*

Aliero, ran Talata

Zubaida, ina gaisuwa.

Bisa buhun albasa nake rubuto miki, idona na ta ruwa, kada ki ɗauka tausayinki ne. Jiki lafiya, sai barci a benci.

Amsarki ta warware mini komai. A ƙasashen can, in sanyi ya yi tsanani inji yakan daskare. Shi ya sa anka yi akwatin da wata dabara: in mutum ya danne maɓalli biyu tare ya riƙe, sai ya kama wannan lokacin, ya riƙa tada motar kullum daidai shi. Murtala ya latsa kamar yadda ya saba. Da ciwon ya buge shi, hannunsa ya damƙe. Akwatin bai san mutuwa ba, umarni ya ji ya riƙe. Bai san alfijir ba kuma, agogo yake bi. Ki gaya wa Bushira ta sauke girkinta ta shigo.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Na tare Almu a wurin lodi, na ɗauki tsinke na rubuta masa a ƙasa, gaban mutane, cewa shi rago ne, kwance kan batir ya gagare shi. Ya karɓi tsinken ya rubuta mini amsa. Ya ce ya je da sifana, ya sake komawa, kowane zuwa sai ki aiko masa cewa kanki na ciwo, ya dawo wani lokaci. Kunya ta kama ni, na ja shi na saya masa shayi.

Ya kuma ce ranar da Murtala ya rasu allurar mai tana kan ja, don sun shirya shan mai a Jega. Motar da ke tashi kullum tun kaka, da tuni ta lashe wannan ta yi shiru da kanta.

Zubaida, wa ke ba ta mai?

Rufa'i

*

Jega, ran Litinin

Zubaida, salamu alaikum.

Kasuwar Jega ta ci ta sake ci, ban ga takardarki ba. Almu ya ce kina lafiya, ya ce ya tambaye ki ko akwai saƙo kin ce babu.

In tambayata ce, na janye ta. Ni mutum ne mai bin waya har inda ta ƙare, wani lokaci in manta ba komai ake bi ba. Kuma wanda ba ya jin muryarsa bai san lokacin da ya yi tsawa ba. Wataƙila a takarda ma haka nake.

Na dawo Jega, hannuna ya yi sauƙi. In kin ce in zo, gobe ma sai in zo. In kin ce kada in zo, ki rubuta hakan, zan gane. Shirun ne dai ba na so. Ina da isasshe.

Rufa'i

*

Maiyama, ran Alhamis

Rufa'i,

Na gaishe ka, lafiyata ƙalau, sai ka bar aiken Almu yana leƙa fuskata.

Ni ke ba ta mai. To ka ji. Ina aikawa a sayo mini a galan in ce na janareta ne, janaretan da rabonsa da tashi tun bikin auta. In gari ya yi tsit da rana in ɗauki mazurari in ɗura mata, kamar mai shayar da maraƙi. Ka je ka rubuta wa mutanen Aliero a ƙasa su karanta.

Na yi fushi da kai, ba don tambayar ba. Don ka gaya mini gaskiyar akwatin ne. Da ina cewa kiran koko ne nake ji. Yanzu in ta tashi sai in ga hannunsa yana damƙewa. Na ce to gobe zan kira Almu. Goben ta yi, ta tashi, na ga kaina gaban murhu na riga na ɗora ruwa.

Kai da ke zaune kai kaɗai bayan shago ka san abin da nake nufi. Wuni guda in yi ban buɗe baki ba sai a salla. Ba mai ce mini kawo, ba mai ce mini gishiri ya yi yawa. Abu ɗaya ne a gidan nan ke yin magana ba ni na fara ba, shi ne motar nan. Kewa nake ji, Rufa'i, kewa mai cin ƙashi. Na rubuta maka ka zo ka cire, ina rubutawa ina addu'ar aiki ya riƙe ka.

Ga roƙona. Alfijir ya fara dawowa, na lura. In an ƙara haƙuri, za ta sake daidaita da fitowar masallaci. So nake in ji ta sau ɗaya yadda take da: a sallame, in ji takalman mutane, sannan ta tashi. Sau ɗaya tak. Daga nan ka zo ka yi abin da za ka yi.

Zubaida

*

Jega, ran Asabar

Zubaida,

Na gode da kin yi magana, ko da faɗa ne. Ba wanda zai ji zancen galan daga wurina.

Na je wurin ladanin unguwarmu munka duba lokutan salla tare. Da zan iya yi miki ƙarya da na yi. Alfijir ba zai koma inda yake ranar ba sai zafi ya kankama. Kafin nan an kwashe albasa, manyan motoci sun tafi, Almu ya gama shekara yana ɗaukar buhun wasu a ka. Jiya na ga yadda yake dafa ƙugu in zai miƙe. Ke ma kin san ba zai kawo miki kuka ba.

Ba zan taɓa motar ba sai kin yarda. Amma ba zan ce miki jiran ba shi da wanda yake ci ba.

Rufa'i

*

Maiyama, ran Litinin

Rufa'i,

Taho ran Laraba da yamma, ka kwana ɗakin zaure. Kada ka ɗaga bonet sai ta yi ta safiyar Alhamis ta gama.

Zubaida

*

Zauren gidanku, safiyar Alhamis

Zubaida, ina kwana.

Ga mu gida ɗaya, amma tunda kina bayan labule sai dai takarda. Bushira ta yarda ta miƙa, kin ga yau girkinta ya nuna da wuri.

Na yi sallata a zaure don kada ta wuce ni. Na je na ɗora tafin hannu bisa bonet, ƙarfen sanyi ƙalau. Sai na ji wani ɗan ƙyas ƙarƙashin hannuna, sannan ta girgiza, rawar ta bi hannuna har haƙora. Na tsaya haka har ta mutu. Na ji ta, Zubaida, irin jin da nake yi. Injin Murtala lafiyayye ne, ya kula da shi.

Da na juyo na ga hayaƙi na tashi daga madafa.

Na ɗaga bonet, na sa sifana a kan batir, na sassauta shi kaɗan yadda ba zai ba da wuya ba. Juyi biyu ya rage, sai a ɗaga wayar. Zan fita in karya a bakin titi. In na dawo na same shi yadda na bar shi, ni zan ƙarasa, kuma ba komai.

Rufa'i

*

Rufa'i,

Sifanarka tana kan taya. Ka ce ba wuya, ƙarya kake, sai da na sa hannu biyu. Shigo ka yi aikinka. Bushira za ta kawo maka koko, na dama da yawa.

Z.

*

Zaure, bayan la'asar

Zubaida,

An gama. Na kwance murfin ƙarƙashin sitiyari na same shi ɗaure da roba, wayoyinsa sun bazu kamar yaɗon kabewa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na raba su da na motar, na naɗe duk inda anka fere. Wayar sitata da sunka yanka na haɗa ta da dalma. Na ɓamɓare 'yar eriyar da ke manne a gilashi. Na gyara burkin hannun ma, don ba zan bar Almu da dutse ba. Ya murɗa makulli ta tashi bugu ɗaya, na ga bakinsa yana ta hamdala.

Wani abu kuma. Kin tuna Murtala yana mitar dillalin ya cuce shi, ya ba shi makulli ɗaya? Na biyun yana cikin motar tun daga can. Masu sa akwatin sukan ɓoye shi a wani ƙaramin gida kusa da shi don inji ya yarda ya tashi. Shekarun nan duka yana daidai gwiwarsa. Ga shi na naɗe miki cikin wagga takarda.

Akwatin da eriyarsa suna cikin leda a bakin labule. Ban san ko kina son su ba, ban kuma ga ya dace in jefar ba.

Zan bi Almu, zai sauke ni Jega ya wuce Aliero. Allah Ya sanyaya miki.

Rufa'i

*

Maiyama, ran Lahadi

Rufa'i, salamu alaikum.

Ina fatan ka isa lafiya. Almu ya yi sawu biyu tun tafiyarku, ya kawo mini albasa har na rasa inda zan sa. Liman ya aiko da godiya. Bushira tana shigowa, sai dai bakinta ya fi injin ƙara. Makullin yana cikin kwalla tare da rimot. Da Malam ya ga inda yake, da ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ce ai dama ya yi zargin haka.

Safiyar Juma'a na farka kafin kiran salla. Na yi sallata na zauna bisa darduma. Na san ba za ta tashi ba, motar ma ba ta gidan, amma kunnena bai sani ba. Sai na ji karatun liman tar, har ƙarshen sura, rabona da jin sa tun da sanyi ya shigo. Anka sallame. Na ji mutane na neman takalma, ana tari, ana tambayar kwana. Sunka biyo ta gindin katangarmu, ina jin kowa da irin takunsa, mai ja da mai sauri. Duk sunka wuce, ba wanda ya tsaya a ƙofarmu.

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da anka shigo da shi. Ashe duk watannin nan ban yarda ba. Motar ce ke cewa yana bakin masallaci yana gaisawa, ni kuma ina ɗora ruwa.

Ban dama koko ba ran nan sai da rana ta fito. Na rage gasarar, amma duk da haka ya yi saura.

Na tuna ranar da anka dawo da kai daga asibiti muna yara. Munka zo gaishe ka, muna ta surutu a kanka, kai kana kallon bakunanmu ɗaya bayan ɗaya. Da munka gaji sai munka fita wasa. Ba wanda ya tambaye ka yadda ka ga safiyar farko. Yanzu ina tambaya, in kana son faɗa.

Mota ta gyaru, ba ni da sauran dalilin aiken bawana. Amma Almu yana bi ta Jega kullum, zuwa da dawowa. Ka riƙa ba shi takarda ko ba ka da abin cewa. Ko tambarin yatsan ne, ka danna ka aiko.

Taubashiyarka,
Zubaida